Kurɓi, Baba

A ɗakin maza na hawa na biyu, can ƙuryar asibiti inda ake kwantar da waɗanda jinyarsu ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akwai wani ma'aikaci da kowa yake kira Kurɓi. Ba likita ba ne, ba kuma nas ba. Shi ne mai shuɗiyar rigar nan da ke juya majinyata, ya canza zanen gado, ya zubar da fo, ya tura mutum a keke zuwa ɗakin hoto ya dawo da shi. Shekarunsa talatin da 'yan kai, amma ya riga ya ɗan ranƙwafa ta gefen dama, irin ta wanda ya fara ɗaukar nauyi tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba.

Sunan ba daga gida ya zo da shi ba, aiki ne ya raɗa masa. Ba ya wuce gado bai ɗauki kofi ya kai bakin mai gadon ba, kuma kalmarsa ɗaya ce, "Kurɓi." Ko mutum ya ce yanzun nan ya sha, sai ya ce, "To ƙara ɗaya, don ni." Nas-nas har tsiya suke yi masa, wai ranar da aka aike shi kai gawa ɗakin ajiya sai da ya tsaya a hanya ya tambaye ta ko za ta kurɓa. Shi ma yakan yi dariya, amma ba ta kai masa ciki.

Akwai kuma wani halinsa da ke ba sababbin ma'aikata mamaki. Majinyacin da zai danna ƙararrawa sau goma kafin azahar, ya zagi abinci ya zagi wanda ya dafa, wannan ko a jikinsa. Wanda ake yabo, ana cewa bawan Allah ko tari ba ya yi, shi ne Kurɓi ke kewaya gadonsa, ya ɗaga bargo, ya leƙa baya, ya ɗaga jakar fitsari ya kalli launinta a haske. Masu cewa iyayi ne suna da yawa. Ba su san inda ya koyo abin ba ne kawai.

Mahaifinsa mai awo ne a wani wurin sayen tsofaffin ƙarafa. Shekara goma sha tara ya yi a 'yar rumfar kwano kusa da babban sikelin da motoci ke hawa, da littafi a gabansa da biro a bayan kunne, har sunansa ya ɓace aka koma ce masa Mai-sikeli. Direbobi sun gwada shi ta kowace hanya. Wani ya tura masa kuɗi a ƙarƙashin littafi, wani ya jawo masa 'yan'uwantaka ta wajen kakar uwa. Amsarsa ba ta canzawa: "Sikeli ba shi da ɗan'uwa." Ba su ƙaunace shi ba, amma in gardama ta tashi kan nauyin kaya, wurinsa ake zuwa. Wata Talata da hantsi sarƙar injin ɗaga kaya ta tsinke, guntun wani tsohon inji ya sauko masa a gadon baya. Daga ƙasan ƙirji zuwa ƙafa bai sake jin komai ba. Hannun hagu ya yi rauni, na dama yana nan da ƙarfinsa, kai garau, baki kuwa har ya fi da kaifi.

Kurɓi yana yaro ɗan shekara goma sha huɗu a lokacin. Uwarsa ta rasu tun yana aji ɗaya na firamare. Abin da wurin aikin suka bayar asibiti ta lashe shi cikin shekara guda. Suka koma ɗaki ɗaya a ƙarshen wani dogon layin ɗakunan haya, kusa da famfon da kowa ke ɗiba, da taga ɗaya mai ƙarafa tana kallon kwata. Ɗan fanshon uban ba ya ganin ƙarshen wata, don haka yaron ya kafa teburin guga a bakin ƙofa, inda zai riƙa jin kira. Akwai Gwaggo, ƙanwar uban, da ke zuwa ranar Asabar daga wancan gefen gari. Takan zo da ledar lemo da buhun shawara, ta kuma san yadda za ta tafi kafin lokacin wanka.

Wanda bai taɓa jinyar mutumin da ba ya jin jikinsa ba yana zaton wahalar a ɗagawa take. Ba nan take ba. Wahalar ita ce jikin ba ya kai ƙara. Kai in ka daɗe a ɓari ɗaya, jikinka zai sa ka juya ko kana barci. Nasa ba ya faɗa. Sai wani ya riƙe lokaci a kansa, ya juya shi duk bayan awa biyu ko uku, ya sa matashi tsakanin gwiwoyi, ya shafa mai a duga-dugai da ƙashin baya, ya duba ko fata ta fara ja. Sai ruwa. Likita ya ce manyan gorori biyu kullum, domin robar fitsarin da aka sa masa tana jawo ciwo in ba a wanke ta daga ciki ba. Ruwa mai yawa kuwa zubar da jaka ne mai yawa. Ga wanka, ga fo, ga ɗaga ƙaton mutum daga gado zuwa kujera da safe, a mayar da shi da yamma. Duk wannan yaron ya iya shi kafin ya iya aske gemu. Uban ya sa masa suna Manaja, wai tunda shi ke ba da izinin ci da sha da juyi, ai ya fi ƙarfin a kira shi da sunan yanka.

Makaranta ta zama yau a je, gobe babu, har aka gaji aka cire sunansa yana ajin kusa da na ƙarshe. Ya zuba littattafan a kwali ya tura ƙarƙashin gado. Bai yi kuka ba, bai kuma sake tayar da zancen ba. Amma in 'yan makaranta sun wuce da safe yakan danna dutsen guga fiye da yadda riga take buƙata.

Yana da shekara goma sha takwas da wata goma da rabi ya je asibiti karɓo magani da sabuwar roba, kamar yadda yake yi kowane wata. Wata mata mai tabarau da igiya a wuya, da ke zaune a tebur a barandar ɗakin magani, ta kira shi.

"Kai, ɗana. Kullum kai nake gani. Ina manyan gidan?"

"Ni ne manyan gidan."

Ba ta yi dariya ba. Ta jawo masa kujera ta ce ita daga ofishin tallafi take. Akwai taimako ga matasa masu jinyar naƙasasshe a gida: kuɗi duk wata, da ma'aikacin jinya da zai riƙa zuwa da safe kwana biyar a sati don yaro ya koma makaranta. Wanda ya shiga, yana ciki har ya gama karatunsa. Amma sai an shiga kafin a cika shekara goma sha tara. Kuma sai an cike takardar lokaci, sati huɗu a jere, a gida, a rubuta kowane aiki da mintocin da ya ci, majinyacin ya sa hannu. Kowane sati sai ya kai awa talatin. Sati ɗaya ya gaza, magana ta lalace.

"Yaushe za ka cika sha tara?"

"Saura sati shida."

"To ba ka da ranar zubarwa. Gobe ka fara."

Ya taho gida da takardun a cikin riga kamar wanda ya yi sata. Awa talatin ba ta dame shi ba, ya san yana wuce ta tun kafin Alhamis. Baba ne matsalar. Shekara biyu kafin nan wata ƙungiya ta kawo musu buhun shinkafa, da mai ɗaukar hoto a biye. Mai-sikeli ya kalle su daga kan gado ya ce, "Wa ya gaya muku bara nake yi?" Ya sa yaron ya ja buhun har bakin titi. A satin nan burodi da shayi suka ci safe da yamma. Mutumin da ya yi wannan ba zai sa hannu a takardar da aka rubuta tallafi a samanta ba, ko za a yanka shi.

Sai yaron ya yi dabara irin ta mai shekara sha takwas. Ya cire shafin farko mai ɗauke da sunan ofishin, ya ɓoye a kwalin littattafai, ya miƙa wa uban sauran shafukan masu layi-layi.

"Baba, daga asibiti ne. Suna so su san yadda jikinka ke ci gaba. Duk abin da na yi maka a rubuta, da lokacin da ya ɗauka. Ni hannuna ba ya zama, kai za ka riƙe."

Idon uban ya kawo haske. Shekara huɗu rabon da a ba shi abin da zai auna. Ya ce a miƙo masa agogo da fensir da rula. Ya juya takardar gaba da baya, sannan ya yi tambayar da duk mai awo zai yi.

"To wanne suke nema, Manaja? Ya yi yawa ko ya yi kaɗan?"

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron ya duba hagu ya duba dama, bai ga hanyar fita ba.

"Ai in ana samun sauƙi, raguwa zai riƙa yi, Baba."

Ya faɗa ya wuce ya ɗora ruwan zafi. Hankalinsa kwance yake, domin ya san ubansa ba zai rage ko minti ɗaya daga abin da agogo ya nuna ba. A nan bai yi kuskure ba.

Satin farko ɗakin ya zama wurin aiki. Da yaron ya ɗauki bokiti sai a ji, "Fara!" Da ya ajiye tawul, "Tsaya! Minti talatin da huɗu. Jiya talatin da ɗaya ka yi, tsufa ne ya kama ka?" Suka yi gardama kan sayo burodi. Yaron ya ce aikin jinya ne, uban ya ce rabin burodin a cikin wa ya shiga, don haka rabin lokacin zai rubuta. Maƙwabta suka ji dariya daga ɗakin ƙarshe suka riƙa leƙowa. Ranar Lahadi da yamma Mai-sikeli ya tattara lissafi, ya sake tattarawa daga ƙasa zuwa sama kamar yadda ya saba.

"Nawa, Baba?"

"Hamsin da biyu."

Yaron ya juya baya don kada a ga murnarsa. Hamsin da biyu! Ko an yi ragi an sake ragi, talatin tana can ƙasa.

"A wurin aiki," in ji uban, yana kallon rufi, "awa arba'in da takwas nake yi. Kuma biyana ake yi."

Daga ranar takardar ta koma ƙarƙashin matashi. In yaron ya ce zai gani, sai a ce masa ba a leƙen littafin mai awo.

A sati na biyu ya ce a ɗaure masa igiya a ƙarfen taga. Ya kama ta da hannun dama ya ja, kafaɗunsa suka juya. "Ka gani? Na iya juya kaina. Ka daina tashi saboda ni." Yaron ya ga kafaɗu sun juya a ƙarƙashin bargo, ya yarda. Bai lura ƙugun yana nan inda yake ba. Bayan kwana biyu aka zo kan wanka. "Ajiye bokitin da tsumma ka fita. Namiji da hannunsa a ce kullum sai ɗansa ya cuɗa shi? Na gaji da wannan kunyar." Fo ma haka, a tura masa a fita, shi zai goge kansa. Zaman kujera ya ce jiri yake sa shi, a bar shi a gado. Abinci ya koma cin rabi, wai ba ya motsi, ina zai kai shi. Gororin ruwa kuwa kullum yaron zai tarar babu ko ɗigo a cikinsu, ya cika ya dawo da su. In ya ce fitsarin ya ragu kuma ya yi duhu, sai uban ya ce sabon maganin nan ne, da ma haka aka rubuta a jikin kwalinsa.

Dole a faɗi gaskiya a nan, domin shi kansa Kurɓi bai taɓa ɓoye wa kansa ita ba: ya ji daɗi. Karo na farko cikin shekara huɗu ya yi barcin awa biyar a jere, ya tashi yana mamakin yadda duniya take da haske. Ciwon bayansa ya lafa. Ya jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe, ya zauna a bakin ƙofa da littafin lissafi bayan ya gama guga. Daga kan gado uban yana hango shi. Wani lokaci ya ce, "Karanto mini ɗaya in gani ko kaina ya yi tsatsa," su yi tare, uban ya riga shi. Yaron ya tsara komai a ransa. In kuɗin sun fito zai faɗi gaskiya, Baba zai yi faɗa kwana biyu, a na uku ya huce, shi kuma ya sa rigar makaranta. Yana ganin alamu ɗaya bayan ɗaya yana kawar da kai, saboda kowace alama tana zuwa da awa ɗaya ta hutu a hannunta.

A sati na uku ɗakin ya fara wani wari. Uban ya ce kwatar bayan taga ce, ya sa Gwaggo ta kawo turaren fesawa. Gwaggo ta dube shi ta ce, "Yaya, ka rame fa."

"Nauyi nake rage wa Manaja," in ji shi. Su ukun suka yi dariya.

Ranar Litinin ta bayan sati na huɗu, Mai-sikeli ya sa hannu a kowane shafi, ya ninke, ya zuba a ambulan, ya liƙe da kansa, ya ja layi a kan bakin. Leɓensa a bushe yake. "Ba a buɗe awo a hanya," ya ce. Yaron ya taɓa goshinsa ya ji ɗumi, uban ya ture hannun ya ce bargo ne. Yaron ya sa rigarsa mafi kyau, wadda ya goge tun jiya, ya fita.

Matar ofishin ta yage ambulan ɗin tana cewa ba ta taɓa ganin takarda mai tsabta irin wannan ba, kowane layi da rula. Ta duba ƙasan shafuka.

"Hamsin da biyu. Arba'in da ɗaya." Ta dakata. "Ashirin da tara. Ashirin da biyu."

"A'a, ba haka ba ne."

"Ga shi nan, ɗana. Sati biyu sun faɗo ƙasa da talatin. Da wannan takardar babu abin da zan iya yi."

"Kuskure ne."

Yana faɗa ya san ba kuskure ba ne. Baba ba ya kuskuren lissafi. Matar ta koma kan layukan tana bi da yatsa, a hankali, daga satin farko zuwa na ƙarshe. Juyi, sau takwas a rana, ya koma huɗu, ya koma babu. Wanka ya koma kawo bokiti, minti biyu. Shafa mai, babu. Zubar da jaka, daga sau biyar zuwa sau ɗaya. Ta cire tabaraunta ta bar shi yana lilo a ƙirjinta.

"Yaushe rabonka da ganin bayansa da idonka?"

Ya fara ƙirgawa a ransa, ya kai kwana sha shida bai tsaya ba.

"Tashi. Bar takardar nan. Tafi gida yanzu, ni zan turo mota."

Da gudu ya ƙarasa layin. Ya bi ta bayan ɗakin don ya yanke hanya, sai ya ga abin da ya yi sati biyu yana wucewa bai gani ba. Bangon ƙarƙashin tagarsu jiƙe yake, ya yi kore, har ciyawa ta tsiro a gindinsa, alhali ko'ina a layin ƙasa a bushe take. Nan gororin suke tafiya.

Ya tarar da uban idonsa a rufe, jiki kamar garwashi. Abin da ke cikin jakar bai fi rabin kofi ba, launinsa kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ya kama bargo, hannun daman nan mai ƙarfi ya riƙe shi.

"Manaja, kada ka."

Bai taɓa ƙin maganar ubansa ba sai ranar. Ya ɓamɓare yatsun, ya sa gwiwa a gefen gado, ya juya shi yadda ya saba. A ƙasan ƙashin baya, inda yake shafa mai kullum, akwai gyambo mai faɗin tafin hannu, bakinsa baƙi, cikinsa ya zurma. An cusa masa wata tsohuwar singileti. Mai-sikeli ba ya jin wurin, amma hannunsa ya taɓa ya ji danshi, ya toshe ya yi shiru. Warin ya cika ɗakin, turaren Gwaggo bai iya masa komai ba.

Shekara goma sha tara mutumin nan bai taɓa ha'intar sikeli ba, a wannan karon ma bai taɓa shi ba. Kayan ya rage. Kowane minti da ya rubuta gaskiya ne. An ce masa ƙaramar lamba ita ce alheri, shi kuma ya ga hamsin da biyu a wuyan ɗansa, sai ya zauna ya yi aikin da ya iya, ya duba abin da za a sauke daga kan mota, ya riƙa saukewa kaɗan-kaɗan. Abin haushin shi ne babu wanda za a kama da mugunta a cikin lamarin. Ɗa ya yi ƙarya don ya kare mutuncin uba, uba ya yi yunwa da ƙishirwa don ya hutar da ɗa, ita kuma takarda ba ta san kowa ba.

A asibiti likita ya ce ciwon ya shiga jini, ƙoda ma ta taɓu. Ya juyo ya ƙare wa yaron kallo daga sama har ƙasa, da gogaggiyar rigarsa.

"Wa ke kula da shi a gida?"

"Ni ne."

"Haka ake jinya? Ko dabba ka ajiye ai ka riƙa juya ta."

Har yau in Kurɓi ya tuna maganar ba ya jin haushin likitan, don a ganinsa bai faɗi abin da ba haka ba.

A kwana na huɗu da la'asar zazzaɓin ya ɗan sauka, uban ya buɗe ido ya gane shi.

"Manaja. Sun ga takardar?"

"Sun gani, Baba."

"Me suka ce?"

Ga dama ta samu ya faɗi komai, shafin da ya cire, da kuɗin, da awa talatin. Ya dubi fuskar da ta zama ƙashi da fata, ya ga tana jiran yabo kamar ɗan makaranta.

"Sun ce ba su taɓa ganin takarda mai tsabta irinta ba."

Mai-sikeli ya yi murmushi, leɓensa ya tsage. "Ashirin da biyu. Da an ƙara mini sati biyu, da na sauko da ita sha biyar." Ya huta. "Hamsin da biyu, Manaja. Ko jaki ba a yi masa haka. Ni ina kwance ina ba da umarni, ban taɓa aunawa ba." Ya sake hutawa. "Na gan ka a bakin ƙofa da littafi. Shekara huɗu ban ga wannan ba."

Yaron ya ɗauki kofi, ya tallafo kan uban.

"Kurɓi, Baba."

Uban ya kawar da fuska zuwa bango.

"Bari. In na sha sai ka tashi zubarwa."

Ya rasu a kwana na tara, saura 'yan kwanaki yaron ya cika sha tara. Da safen ranar matar ofishin ta hawo bene da sababbin takardu a hannu. Ta yi ta bin shugabanninta har sun yarda a sake dubawa in likita ya rubuta wasiƙa. Ta tarar ana naɗe katifa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ninke takardun ta mayar jaka. Tallafin na masu jinyar wani ne, shi kuma yanzu ba shi da wanda zai yi jinya.

Bai koma makaranta ba. Fanshon ya tafi da mai shi, ɗakin haya kuwa ba ya jiran jarrabawa. Gwaggo ta ce ya dawo wurinta, ya je ya yi wata biyu a kan tabarma a falo, ya ga ana ƙirga lomarsa, ya tattara ya fito. Babbar nas ta ɗakin da uban ya kwanta ta ga yadda yake juya mutum shi kaɗai ba tare da ya ja fata ba, ta sa aka ɗauke shi aikin shuɗiyar riga. Yau shekara goma sha huɗu ke nan. Kwalin littattafan ya bi shi ɗaki uku, a na huɗu ya bar wa ɗan mai gida.

Teburin tallafin yana nan a barandar ɗakin magani, ko da yake matar mai tabarau ta yi ritaya. In Kurɓi ya ga yaro ko yarinya a gefen gado, ya ga hannun ya iya naɗe zane fiye da shekarun mai shi, yakan jira a fito baranda ya kai su teburin da kansa. Ba ya dogon bayani. Abu ɗaya yake faɗa, kuma yana faɗarsa da zafin da ke ba yaran tsoro: "Ka gaya masa ko ta mece ce takardar. Ko zai zage ka, ko zai jefe ka da kofi, ka gaya masa."

Sannan ya koma ciki. A gado na bakwai yanzu akwai wani tsohon direba da aka yanke wa ƙafa, wanda nas-nas ke sa wa albarka don tun da ya zo bai taɓa danna ƙararrawa ba. Kurɓi ya ɗaga jakarsa ya kalla a hasken taga, ya ɗauki gorar ya ji nauyinta a hannu.

"Tun safe ba ka sha ba, Baba."

"Ba na son in wahalar da kai, ɗana. Kana da mutane da yawa."

Kurɓi ya jawo kujera ya zauna, ya zuba ruwa a kofi, ya sa hannu ya tallafo ƙeyar tsohon.

"Wahalar da ni," ya ce. "Kurɓi."